Shekarar da Muka Cire wa Kanisa Rufi

Ban taɓa shan wahala irin ta waccan kakar ba, kuma kada wani ya zo ya ce mini ta bana ta fi. Bana ma da wuya, ban musa ba. Amma bana ina da ciwon gwiwa da zan fake da shi in zauna. A waccan shekarar ƙafafuna lafiya lau, ga jaki ga karo, wato amalanken da yake ja, ga ƙarfi kamar na sa, duk da haka na kasa ciyar da mace guda.

Abin da ya tuno mini, shekaranjiya ina zaune a bakin tur'a, hanyar ruwan da ta raba ƙauyenmu da kambo, sai na ji an buga ƙarfen kanisa. Kambo ita ce unguwar 'yan ƙwadago, mutanen Kudu da na duwatsun Nuba, masu yankan dawa da tsinkar auduga. Yanzu bai fi gida bakwai suka rage ba. Wasu sun koma ƙasarsu tuntuni, wasu fitinar nan ta watsa su. Amma ƙarfen yana nan, tsohon ƙarfen ƙafar tarakta ne a rataye a jikin bagaruwa. Na ga mata uku sun wuce, kowacce da ɗan gwangwanin dawa a ka. Na ce a raina, to, watan nasu ya zo ke nan. Da can layi ne na mata tun daga gada har ƙofar kanisa, kana jin waƙarsu daga masallacinmu. Yanzu mata uku, ɗaya ma tana ɗingishi.

Shekara talatin da wani abu ke nan. Damina ta yi mana rowa, ruwa uku na kirki aka yi, sauran duk iska ce da walƙiya. Mu a Jazira ba da ruwan sama kaɗai muke noma ba, to amma tur'a ta cika da laka da ciyawa, ba a yashe ta ba. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Makwar kafin ya iso wutsiyar da muke ya zama kamar fitsarin akuya. Ni ba ni da hawasha, wato gonar kaina, gonar wani Balarabe nake nomawa a raba biyu, kuma tana can ƙarshen ƙarshe. Dawata ta bushe a tsaye ba ta fitar da kai ba. Ƙasa ta tsage, sai ka zura ƙafa har idon sawu. Mai gona ya zo ya kwashe karan ya kai wa shanunsa, muka yi sallama, ba wanda ya zagi wani don ba abin da za a raba.

Waɗanda ke sama kusa da ruwa sun ɗan samu, amma a makare, kuma ƙwaya na fara kama jiki tsuntsayen jan-baki suka sauko kamar hadari. Mutane suka yanke dawarsu ɗanya-ɗanya, gara rabi da babu. Lokacin kuma darat ne, damina ta tafi sanyi bai zo ba. Iska ba ta motsi. Gumi ya bushe a jikinka ya bar gishiri, sauro kuwa tun la'asar yake fitowa.

A gidanmu tunkuza muke ci, wadda ake ba shanu, da ganyen tafasa. Wani lokaci in kama 'yan kifi a tur'a, ƙanana kamar yatsa. Na kai jakin kasuwa sau biyu, ko tayawa ba a yi ba, kowa dabba ya zo sayarwa.

A cikin wannan hali matata Hawwa ta haihu, ɗiya mace, muka sa mata Zainaba. Bayan suna da 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da Hawwa, nono ya ƙafe ƙaf. Akuya babu. Masu jego biyu na ƙauyenmu su ma matsa nasu suke yi. Yarinya ta yi kuka har muryar ta dushe. Mahaifiyata, Inna, ta yafa mayafi ta haye gada ba ta gaya wa kowa ba. Da ta dawo ta tsaya a kaina.

"Na samo mata uwa. Rijina, wadda mijinta ya rasu da bazara. Tana goyon ɗa namiji."

"Inna, Kirista ce fa."

"Nonon nata ma Kirista ne? Tashi ka ɗauki yarinya."

Na tashi. A bakin ƙofa ta sake tsayar da ni.

"Kuma ka ji da kyau, Abakar. Daga yau uwar ɗiyarka ce, ɗanta ɗan'uwan ɗiyarka ne. Cinta da shanta suna wuyanka. Ba ni na ce ba, addini ya ce."

Rijina Banubiya ce, gajeriya, ba ta da yawan magana. Da Larabci muke yi, nata a karye nawa a karye. Ta karɓi Zainaba ta sa a nono ko tambaya ba ta yi ba, yarinya ta zauna a wurinta dare da rana. Ni kuma kullum bayan sallar asuba sai in ɗauki jakar kaba in haye gada in kai mata abinci. Duk kambo suna ganina, don gadar katako ɗaya ce kuma a nan mata ke ɗiban ruwa. "Sabahal hair, ya Haj," su ce. Kowane Bahaushe Haj ne a wurinsu, ko bai taɓa wuce garin Kamlin ba.

Makon farko dawa na kai, wadda Inna ta samo da 'yan kunnenta. Mako na biyu rabin haka. Sai tunkuza. Sai ranar da na leƙa ko'ina a gidan ba ko ƙwaya. Na ɗauki jakar ba komai na je har bakin gada, na hango matan nan a tsaye da tulunansu, na juyo. Na zaga bayan masussuka na cika jakar da ƙaiƙayi, na zuba yashi a ƙasanta don ta yi nauyi, na saɓa a kafaɗa na haye ina amsa gaisuwa.

Rijina ta kwance bakin jakar ta duba. Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Shukran, ya Haj," ta shiga ɗaki da ita, ta fito ta miƙo mini a wofi. Washegari haka. Jibi haka. Ita kuwa da yara biyu, ɗaya a baya ɗaya a gaba, take bin gonakin da aka yanke tana kalar zangarniyar da tsuntsu ya rage. Da wannan take shayar da biyu. Ina gani wuyanta yana ƙara tsawo.

To, su 'yan kanisa suna da wata al'ada a wannan watan. Farkonsa sukan fita su nome kaburburan mamatansu su kunna kyandir. Daga nan kuma kowace mace in za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi dawa cikin tafin hannu ta zuba a wani gwangwani daban. Ko yunwa na kashe ta sai ta zuba. Ana tarawa har Lahadin ƙarshe kafin su shiga makonni huɗun da suke jiran Kirsimati, ranar da suke kira ta Almasihu Sarki. Ranar ne limaminsu, Abuna, yake zuwa daga Kamlin ya sa wa dawar albarka a raba wa gwauraye mata da tsofaffi da marasa kowa.

Mai riƙe musu kanisa in Abuna ba ya nan shi ne Ustaz Santino, dogo siriri, da tabarau ɗaure da zare. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai da shi. Ya tare ni a gada ya ce akwai kambo uku a gefen tur'a da suka tara tasu, ba mai ɗauko musu, kuma ba su da abin ba ni. Na ce zan ɗauko. Ba don Allah na yi ba, gaskiya. Na lissafa ne cewa Rijina gwauruwa ce, in aka raba za ta samu, in ta ci ɗiyata ta sha.

Kwana biyu ina jigila. A kowane kambo sai sun tsayar da ni sun yi waƙa a kan buhun tukuna. Jaki na layi, ni ina layi, su suna tafi. Na kawo aka juye duka a tsakar kanisa, tsibi guda gaban teburin da suke kira bagade. Kanisar ginin laka ce, amma rufinta kwano ne, falle takwas, abin alfaharin kambo gaba ɗaya.

Ran Litinin na shiga kai buhun ƙarshe, na cire takalmi a ƙofa, sai hancina ya ji tsami. Na tura hannu cikin tsibin har gwiwar hannu. Zafi kamar hammatar mai zazzaɓi.

"Ustaz, dawar nan tana dahuwa."

"Dahuwa kuma, ya Haj?"

"Kun haɗa ɗanya da busasshiya kun tara a ƙasa, ga kwano a sama kamar murfin tukunya. Kwana uku ta yi fumfuna, ko jakina ba zai ci ba. A fitar a shanya."

"Ba ta fita."

"Don mi?"

"An riga an ajiye ta gaban bagade. Yanzu ba tamu ba ce. Sai Abuna ya zo."

"Yaushe?"

"Lahadi."

"Kwana shida! To Allah ne ya ce ku bar masa ta ruɓe?"

Ya gyara tabarau ya ce a hankali, "Abin da aka ba Allah ba a ɗaukar shi a fita da shi, ya Haj. Matan nan daga bakin 'ya'yansu suka cire. In suka ga tana fita ƙofa kafin albarka, ba wadda za ta sake zuba ko ƙwaya."

Wallahi na so in shaƙe shi. Na fita waje na zaga ɗakin sau biyu ina magana ni kaɗai. Rana na dukan kwanon har yana ƙara. Na tsaya na dube shi, na koma ciki.

"Ka ce dawa ba ta fita. Rana fa, an hana ta shiga?"

Ba su amsa mini nan take ba. Mutanen nan ko ɓera za su kashe sai sun yi waƙa sun kafa kwamiti. Aka buga ƙarfe, aka taru a gindin bagaruwa, aka yi addu'a, kowa ya tashi ya ba da tarihin yadda aka sayi kwanon falle-falle. Tun hantsi har azahar ta wuce. Ni ina zaune a kan karo ina jin warin daga inda nake. A ƙarshe shugabar matansu, Mama Katarina, wata ƙatuwar tsohuwa mai muryar maza, ta buga sanda a ƙasa.

"Kun ishe ni. Ku bar Bafallacen nan ya hau. In ya lanƙwasa falle ɗaya ni zan lanƙwasa shi."

Bafallace suke ce wa Bahaushe a can in ba su ce Haj ba. Na hau. Kwano ya ƙona mini tafin ƙafa da gwiwoyi, har yau akwai tabo. Ina zare ƙusa ina jefo wa Santino, yana karɓa yana miƙe ta da dutse kamar wani abin gado. Muka sauke falle takwas muka jingina a bango. Aka fitar da kututturan da suke zama a kai, muka baje dawar a duk faɗin ɗakin, kaurin yatsa uku. Akwai wani ɗan mutum-mutumin Maryama a lungu, Mama Katarina ta kafa masa lema don kada fentinsa ya tashi.

Ban yi tunanin tsuntsaye ba. Muna cire rufi suka gani. Sai Santino ya ce masu waƙar kanisa, da ma suna koyon waƙoƙin Lahadi, su dawo ciki su yi. Haka aka yi kwana biyar. Mata goma sha wani abu a tsaye a bakin bango da ganyen giginya a hannu, suna waƙa suna kora, ni kuma ina tsakiya ina ja da ƙafa ina juya dawa, daga wannan bango zuwa wancan, kamar san huɗa. Da yamma mu tattara mu rufe da tabarmi saboda raɓa, da safe mu sake bajewa. In lokacin salla ya yi in fita gindin bagaruwa in yi, su rage murya har in sallame. A ƙauyenmu kuwa an samu abin faɗa. Ina shiga masallaci wani zai ce, "Abakar, an ce an naɗa ka ladan a ƙetare." Sai in wuce sahu. Wanda ya ci tunkuza bai da ƙarfin faɗa.

Kuma duk kwanakin nan ban fasa hayewa da jakata da safe ba.

Ran Juma'a na ɗauki ƙwaya na ciza, ta ce ƙas. Ta bushe. Ban gama murna ba wani direban lori ya tsaya a kan hanya ya aiko da saƙo: motar Abuna ba mai, ba zai samu zuwa ba, wataƙila sai bayan mako biyu. Santino ya ce, "To, sai mu jira." Haka kawai ya ce, kamar an gaya masa shayi bai tafasa ba.

A ranar da yamma na bi ta wurin Rijina na tarar da Inna a can. Ta kira ni ta ɗora yatsana a kan Zainaba. Maɗiga ta faɗa, har rami. Yarinya na buɗe baki tana kuka amma ba a jin komai. Rijina ta matsa nono ta nuna wa Inna, ɗigo biyu. Ɗanta ma yana kwance a gefe idanu a waje. Ga dawa can, taku ɗari daga inda muke, busasshiya, an sa mata tabarmi.

Asabar bayan sallar asuba na ɗaura jaki na kama hanyar Kamlin. Na isa kafin azahar. Na tambaya aka nuna mini gidan da ke bayan babbar kanisa. Abuna wani ɗan tsoho ne mutumin Kudu, ƙanƙani, shi ma bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, yana zaune a inuwa da bargo a wannan zafin.

"Na zo ɗaukarka," na ce.

"Kai wane ne?"

"Mai karo."

Ya leƙa ya dubi jakin, ya dubi haƙarƙarinsa, ya ce, "Shi ya yarda?" Amma ya shiga ya ɗauko ɗan akwatinsa. Na shimfiɗa masa buhu ya zauna, ni na bi da ƙafa ina jan linzami don jakin ba zai ɗauki mu biyu ba. A hanya ya tambaye ni, "Me ya dame ka da dawarmu haka, ya Haj?" Na ce ba na son ganin hatsi yana lalacewa. Ga shi daga ni sai shi sai jaki, ba mai ji, da na faɗa masa gaskiya a nan da an huta. Ban faɗa ba.

Muka iso rana na faɗuwa. Ya tsaya a kan karo ya dubi kanisarsa, azara tsirara a sama.

"Santino, ina hular ɗakin Allah?"

Lahadi tun hantsi aka fara. Ganguna, ƙarfe, zagaye ɗaki da ganye a hannu, mata da fararen ɗankwali, kowa ya sa rigarsa ta kirki a kan ƙasusuwa. Su durƙusa, su tashi, su zauna, su sake tashi, a cikin rana tsaka, don ba rufi. Ni ina waje a jikin bango ina leƙe ta taga. Samarin ƙauyenmu da wasu dattawa ma sun jeru a bakin tur'a suna kallon kanisa marar kai. Aka yi awa uku. Abuna ya yi wa'azi da Larabci, Santino ya juya shi zuwa harshe biyu. Ina duban Rijina a layin baya da yaran biyu a cinya, ina cewa a raina ku gama mana, ku gama.

Sai aka zo kan dawa. Kwana biyar ina busar da ita da ƙafafuna, sai ga tsohon nan ya tsoma reshe a kwanon ruwa yana yayyafa mata. Ban san sanda na ce, "Kai! A hankali!" ba, da Hausa, da ƙarfi. Duk ɗakin ya juyo. Abuna ya dube ni ta taga, ya girgiza reshen a gefe tukuna ya ƙarasa da ɗan abin da ya rage.

Mama Katarina ta zauna a bakin tsibi da ƙwarya. Ba takarda, duk a kanta suke. Ta kira suna, mace ta zo ta shimfiɗa zane, a zuba mata. Ta kira, a zuba. Tsibi yana raguwa. Makafi biyu, tsoho mai ƙafa ɗaya, gwauraye na kambo uku. Ina jira. Ƙwarya ta fara kartar ƙasa. Aka share ragowar aka ba wata tsohuwa, Mama Katarina ta kife ƙwarya ta ce halas, an gama.

Na zaga ƙofa na jawo hannun Santino.

"Rijina fa?"

"Rijina tana da mai ba ta, ya Haj," ya ce, har da murmushi. "Kullum muna ganinka da jaka. Mun ce Allah ya yi maka albarka. Kwamiti ya ga a ba waɗanda ba su da kowa."

Na dubi Rijina. Ta ji abin da ya ce. Ta girgiza mini kai kaɗan, ya'ani in yi shiru. Matar nan za ta koma ɗaki da yara biyu ba ko ƙwaya don kada a ji kunyata.

Jakar tana kan karo, don da safen ban samu kai mata ba. Na je na ɗauko. Ina jin idon mutanenmu a bayana daga bakin tur'a. Na shiga har tsakiyar kanisa, ko takalmi ban cire ba, na kwance bakin jakar na zazzage a gaban Mama Katarina. Ƙaiƙayi ya tashi, yashi ya zube.

"Abin da nake kai mata ke nan," na ce. "Ba ni da komai. Gidana ba komai."

 Mama Katarina ta tsoma hannu a ƙaiƙayin ta murza.

"Kwana nawa?"

"Sha shida."

Ta miƙe. Ban taɓa shan zagi irin na ranar ba, da Larabci, da harshensu, har da Hausar da ta tsinta a kasuwa. Jaki. Ɗan banza mai girman kan wofi. Ta ce da ta san haka da ta bar ni a kan kwano in soyu. Ta juya kan Rijina: "Ke kuma bakinki ɗinke shi aka yi? Mu nan gumaka ne?" Ta juya kan Santino ta ce tabarau huɗu ma ba za su sa ya ga wuyan mace ya rame ba. Abuna dai yana zaune ya sa kai a hannu.

Sai ta ɗauki ƙwaryar ta bi layi. Kowace mace da aka ba ta kwance ƙullinta ta mayar da wani abu. Kada a ce da fara'a suka yi. Wata tsohuwa tana ɗiba tana tsine mini, ta zuba, ta sake duban abin da ya rage mata, ta ƙara tsinuwa. Makaho ɗaya ya ce shi a bar masa nasa, aka bar masa. Abin da aka tara wa Rijina bai kai na sauran ba, amma zanenta ya yi nauyi.

Abuna ya ce a ɗebar mini ni ma saboda mai jego. Na ce a'a, na gode. Da na koma gida na gaya wa Inna, ta dube ni ta ce, "Ka ƙi? Bayan ka zazzage mutuncinka a gaban duniya, sauran wane ne kake tattali?" Ta yafa mayafi ta haye da kanta ta karɓo.

Kafin magariba duk ƙauye ya ji. Tun daga ranar sunana Abakar Ƙaiƙayi, har yaran da aka haifa jiya haka suke kirana, ba su san dalili ba. Zainaba ma da ke Damazin da 'ya'yanta biyar, in ta bugo waya tana son ta tsokane ni haka take cewa. Ita ma ban taɓa gaya mata duka ba. Rijina ta koma duwatsu shekarun baya, Santino ya rasu a nan, kabarinsa na cikin waɗanda matan nan uku suke nomewa.

Amma ranar ba a san yarinya za ta tashi ba. Dawa ƙwaya ce, ba a shanta haka. Injin niƙa ya yi wata biyu a rufe ba mai, Rijina kuwa ko tulu ba ta iya ɗagawa. Washegari da na idar da sallar asuba na haye gada hannu biyu a sake, na wuce matan da ke ɗiban ruwa, ba wadda ta gaishe ni. Na shiga tsakar gidan Rijina na jawo dutsen niƙa, na durƙusa a kan gwiwoyin da kwano ya ƙona, na fara niƙa. Ban iya ba, gari na zuba ta gefe, mata suka taru a kan dangar suna gyara mini da baki. Na niƙa ƙwarya guda, na hura wuta na dama kunu, ya yi gudaji. Na tsaya a kanta sai da ta shanye, na sake cika mata. Daga nan na juya musu baya na zauna a bakin ƙofa, ban tashi ba har rana ta take, sai da na ji ƙarar haɗiyar yarinya a nono.